Karayar Arziki da Sana'ar Fim: Jawabi ga Hakimai da Magatakardansu na Yankin Funtuwa da Malumfashi

  Maganar da na zo da ita yau ita ce yadda karayar arzikin ƙasa ta ke taɓa sana'ar fim, da kuma sana'ar siddabarun hoto da ke cikinta, watau aikin masu haɗa hoto da kwamfuta.

Watakila wani zai ce, ina ruwan Hakimi da 'yan wasan kwaikwayo, alhali ga maganar taki, ga maganar tsaro, ga rikicin iyakar gonaki? Dalilai biyu ne. Na farko, samari da yawa na ƙasashenku daga wannan sana'a su ke cin abinci, waɗansu a Kano da Kaduna, waɗansu kuwa a nan bakin tasha da cikin kasuwa, kuma ran da sana'ar ta tsaya ƙofar gidajenku za su dawo. Na biyu, fim shi ne abin da talakawanku su ke kallo da dare bayan sun dawo daga gona, abin da ke cikinsa kuwa yana shiga zukatan 'ya'yansu. Abin da ya taɓa aljihun talaka da tarbiyyar ɗansa, lalle ya taɓa Hakimi.

Mece ce karayar arziki?

Ma'aikatar Ƙididdiga ta Ƙasa ta kan auna jimlar dukiyar da Nijeriya ta samar bayan ko wane wata uku: abin da aka noma, abin da aka haƙo, abin da aka ƙera, da ladan ayyukan da aka yi. In aka auna sau biyu a jere aka ga dukiyar tana raguwa, sai masana su ce arzikin ƙasa ya karye, ko kuwa ya koma baya. Wannan ya faru a Nijeriya cikin 2016, ya kuma sake faruwa cikin 2020.

Ga yadda ta 2016 ta zo. A tsakiyar 2014 ana sayar da gangar ɗanyen mai fiye da Dala 100, amma kafin ƙarshen Janairu na 2016 ta faɗo ƙasa da Dala 30. Da ya ke man fetur shi ne babbar hanyar samun kuɗin waje, sai Dala ta yi wuya. A watan Yuni na 2016 canjin Gwamnati ya tashi daga wajen Naira 197 zuwa wajen Naira 280 a ko wace Dala, a kasuwar bayan fage kuwa ya wuce Naira 500 a farkon 2017. Litar fetur ta tashi daga Naira 86 da rabi zuwa Naira 145 a watan Mayu na 2016. A ƙarshen shekarar aka ga dukiyar ƙasa ta ragu da wajen kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. Ta 2020 kuwa annobar korona ce ta kawo ta, sa'ad da aka kulle garuruwa da kasuwanni, har a wata uku na biyu na shekarar dukiyar ƙasa ta ragu da wajen kashi 6 cikin ɗari.

Akwai kuma wani hali da masana ba su kiransa karayar arziki, amma talaka ya kan ji shi a jika kamar ta, watau tsadar rayuwa. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce Naira 1,000. Dala kuwa daga wajen Naira 460 ta kai har Naira 1,500 a farkon 2024. A watan Disamba na 2024 tashin farashin kaya ya kusa kai kashi 35 cikin ɗari a shekara. Duk waɗannan zan haɗa su a magana ɗaya, domin a wurin mai shirya fim ciwonsu iri ɗaya ne.

Tushen fim a ƙasarmu

Iyayen ƙasa sun fi ni sanin majigi. Motar Ofishin Yaɗa Labarai ta kan zo da yamma, a kafa farin allo a ƙofar fada, a ta da inji, mai fassara ya riƙa bayani da Hausa, a nuna wa jama'a tsabta da allurar rigakafi da noman zamani. Wannan yanki namu yana da suna a tarihin majigi, domin a Daudawa ta ƙasar Faskari aka ɗauki fim ɗin Baban Larai cikin shekarun 1950, don a koya wa manoma noman auduga. Ba a zaɓi Daudawa da ka ba. A lokacin auduga ce sarauniyar wannan ƙasa, ga gonar gwajin iri a Daudawa, ga injin gurza na kamfanin B.C.G.A. a Funtuwa da Malumfashi, ga jirgin ƙasa yana kwasa. Kuɗin auduga su ne suka jawo na'urar ɗaukar hoto zuwa ƙauyenmu. Wannan ita ce ƙa'idar da na ke so a riƙe tun daga farko: fim yana bin kuɗi ne kamar yadda gurza ta ke bin kaka.

Bayan mulkin kai aka ci gaba da yin fim irin na zare, wanda a ke naɗewa a faifai. Cikin 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim, cikin 1979 kuwa Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Fim ta Ƙasa wadda hedkwatarta ke Jos. Amma irin wannan fim yana da tsada ƙwarai. Daga waje a ke sayo zaren, kuma sau da yawa sai an kai shi Ingila a wanke a gyara. Da aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, Naira wadda ta ke kusan daidai da Dala ta koma wajen Naira 4 a Dala ɗaya, ta yi ta faɗuwa daga nan. Masu fim ɗin zare suka kasa, gidajen sinima da yawa suka lalace.

To, ga abin mamaki. Wannan matsi da ya kashe fim ɗin zare shi ne ya haifi fim ɗin bidiyo. Samari masu wasan kwaikwayo suka ga na'urar bidiyo irin ta ɗaukar biki tana da araha, kaset kuma yana da araha, sai suka kama. Cikin 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya, cikin 1992 mutanen kudu suka fito da nasu Living in Bondage. Zuwa 1999 sana'ar ta yi ƙarfi har aka laƙaba mata suna Kannywood, aka kafa mujallar Fim, cikin 2001 kuma Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai. Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Karayar arziki ta kan kashe wani irin fim, ta bar wani ya tsiro a gurbinsa, amma mutanen da suka ci abinci da na farkon ba lalle ne su ci da na biyun ba.

Yadda kuɗi ke tafiya daga gona zuwa fim

Bari mu bi sawun kuɗin a zamanin kaset da faifai. Manomi ya kai masara ko dawa ko auduga kasuwar Funtuwa ko Dandume ya sayar. Bayan ya sayi abin masarufi, sai ya tsaya wurin mai faifai ya sayi fim ɗaya ko biyu ya kai wa iyali. Mai faifan nan daga Kano ya saro, wurin dillalan kasuwar Ƙofar Wambai. Dillalin shi ya ke biyan mai shirya fim, wani lokaci ma shi ya ke ba shi jari tun kafin a fara aiki. Mai shirya fim kuma shi ya ke sallamar marubuci, da darakta, da 'yan wasa, da mawaƙa, da mai ɗaukar hoto, da mai fitila, da mai kwalliya, da direba, da mai dafa abinci, da mai tace hoto. Ashe kuwa tushen wannan doguwar igiya yana cikin buhun manomi. Shi ya sa kasuwar fim ta kan buɗe da kaka da kuma lokacin Salla.

In arziki ya karye, igiyar ta kan tsinke ta wuri huɗu.

Wuri na farko shi ne aljihun mai kallo. Fim ba abinci ba ne, ba magani ba ne, ba taki ba ne. Magidanci in ya ga kuɗinsa ba za su kai ba, abin nishaɗi ya ke fara yankewa. Sha'awar kallo tana nan, sai dai ya nemi hanyar da zai kalla da araha ko kuwa kyauta.

Wuri na biyu shi ne kayan aiki. Na'urar ɗaukar hoto, da fitilu, da makirfo, da kwamfuta, da faifan da ba a sa kome a kansa ba, duk daga waje su ke zuwa, da Dala a ke sayensu. Ko wace faɗuwa da Naira ta yi, sai kuɗinsu ya ƙaru, alhali mai fim ba shi da ikon ƙara wa talaka farashi.

Wuri na uku shi ne mai da wuta. Fim ba ya yiwuwa sai da mota da janareta. Ran da fetur ya ninka, kuɗin kai ma'aikata wurin ɗaukar hoto ya ninka, kuɗin kwanansu da abincinsu ma haka.

Wuri na huɗu shi ne jari. Attajirin da a da ya ke zuba kuɗi a fim, in ya ga Naira tana narkewa, gara ya sayi hatsi ya ajiye, ko fili, ko Dala. Kamfanonin da ke biyan kuɗin talla a talabijin su ma kuɗin talla su ke fara ragewa.

Abin da ya faru daga 2016

Gaskiya ita ce, kafin karayar 2016 ta zo bango ya riga ya tsage. Masu satar fasaha suna buga faifan jabu. Wayar hannu mai nuna hoto ta yaɗu, sai ga masu tura fim a waya sun kafa tebur a ko wace tasha, suna ɗura wa mutum fina-finai da yawa a kan kuɗi kaɗan, ba kuwa ko kwabo da ke komawa wurin mai fim. Sa'an nan ga fina-finan Indiya da a ke fassarawa da Hausa, waɗanda an riga an kashe musu kuɗi masu yawa a can, a nan murya kaɗai a ke ɗora musu, sabo da haka sun fi namu araha. Da karayar arziki ta faɗo a kan wannan hali, sai kasuwar faifai ta durƙushe, ba ta sake tashi ba. Dillalai da yawa suka koma wata sana'a. A cikin wannan shekara ta 2016 ne kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙasar Bebeji a kan kuɗi Naira biliyan 3, amma bayan malamai da waɗansu jama'a sun nuna rashin amincewa sai aka janye.

Masu fim suka nemi mafita ta hanya uku. Waɗansu suka koma nuna fim a sinima, amma gidajen sinima a Arewa kaɗan ne, kuma kullen korona na 2020 ya rufe su. Waɗansu suka koma talabijin, musamman tashar Arewa24 wadda aka buɗe cikin 2014, mai shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Mafi yawa kuwa suka koma YouTube da fim mai dogon zango, wanda a ke saki kashi kashi ko wane mako. Cikin 2020 aka fara Labarina na Aminu Saira, da Izzar So na Lawan Ahmad, wanda a ke nunawa a tashar da ke ɗauke da sunan garinmu na nan, watau Bakori TV.

Ya kamata magatakarda su fahimci yadda kuɗin YouTube ya ke. Mai kallo ba ya biyan mai fim kome. Kamfanoni ne ke biyan kuɗin tallan da a ke sakawa cikin fim, YouTube ya ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari, ya riƙe saura. Ba a fara raba wa tasha kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Kuɗin tallan kuwa ya dogara ga ƙasar da mai kallo ya ke zaune, sabo da haka Bahaushe ɗaya da ke kallo daga Ingila ko Amurka ya fi mutane da yawa da ke kallo daga Ƙafur kawo kuɗi. Alherin wannan hanya shi ne da Dala a ke biya, faɗuwar Naira ba ta cinye shi. Sharrinta kuwa shi ne manyan tashoshi kaɗan ne ke samun abin kirki, ƙanana suna ta wahala, kuma dole ne a riƙa sakin sabon kashi ko wane mako, ko an shirya ko ba a shirya ba.

Har wa yau wannan hanya tana rataye ga layin waya. Iyayen ƙasa ba su manta ba, a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina sabo da maganar tsaro, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, ba a buɗe ba sai wajen ƙarshen shekarar. A watan Janairu na 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta yarda a ƙara kuɗin waya da na intanet da kashi 50 cikin ɗari. Ko wanne daga cikin waɗannan yana rage masu kallo.

Masu siddabarun hoto

Yanzu sai mu zo kan mutanen da ba a ganin fuskarsu. Sa'ad da kuka ga aljani ya ɓace a fim, ko gida ya kama wuta, ko mutum ɗaya ya fito sau biyu yana magana da kansa, ko dawaki goma sun zama rundunar yaƙi, ba tsafi ba ne, aikin kwamfuta ne. Wani lokaci a kan tsai da ɗan wasa gaban koren ƙyalle a ɗauke shi, daga baya mai kwamfuta ya cire koren ya sa fada ko daji ko teku a madadinsa. Ko wane daƙiƙa ɗaya na fim hotuna ne 24 ko 25 a jere, kuma akwai aikin da sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an gyara. Shi ya sa abin da za a kalla cikin minti ɗaya ya kan ci kwanaki. A Kano yawancin ɗakunan wannan aiki suna wajen Titin Gidan Zu.

In arziki ya karye, waɗannan su ne kan fara shan wuya, ga kuwa dalilai. Aikinsu shi ne na ƙarshe, sai an gama ɗaukar hoto an sallami 'yan wasa sa'an nan a zo wurinsu, a lokacin kuwa jakar mai fim ta kusa ƙarewa. Kwamfutar da su ke bukata mai ƙarfi ce, da Dala a ke sayenta, manhajar aikin ma da yawanta da Dala a ke biyan hayarta wata wata. Kwamfutar kuma ta kan kwana tana aiki, in wuta ta ɗauke a tsakiya sai a sake daga farko, sabo da haka ba makawa sai janareta. Sa'an nan jama'a don sunan jarumi su ke kallon fim, ba wanda ya san sunan mai tace hoto, shi ya sa mai shirya fim ya fi jin tsoron rage ladan jarumi. Daga ƙarshe, in kuɗi sun yi kaɗan labarin kansa a ke sakewa. A bar labarin yaƙi da na tarihi da na aljanu, a koma labarin da za a ɗauka a falo ɗaya da mutum huɗu. Ta haka ne talauci ya ke shiga har cikin irin labaran da al'umma ta ke ba 'ya'yanta.

Darasi daga ƙasashen waje

Kada a zaci mu kaɗai ne. A Amurka, bayan babbar karayar arziki da ta fara cikin 1929, masu zuwa sinima suka ragu ƙwarai, dubban gidajen sinima suka rufe, har cikin 1933 manyan kamfanoni biyu, Paramount da RKO, suka kasa biyan bashi. Masu sinima suka koma rage kuɗin shiga da nuna fim biyu a kan tikiti ɗaya. A karayar 2008 zuwa 2009 kuwa jama'a ba su daina zuwa sinima ba, har cinikin tikiti na 2009 a Amurka da Kanada ya wuce Dala biliyan 10, amma cinikin faifai ya faɗi, bankuna suka riƙe bashi, kuma cikin 2010 tsohon kamfanin nan MGM ya kai kansa kotu ya ce ya karye.

Masu siddabarun hoto a can ma su ne a ƙasa. Al'adar sana'ar ita ce a yi ciniki a yanke farashi tun farko, in darakta ya sake ra'ayi daga baya sau da yawa asarar a kan mai aikin ta ke faɗawa. Ga kuma ƙasashe irin su Kanada da Ingila suna sassauta haraji don su janye aikin zuwa wurinsu. Kamfanin Rhythm and Hues na Kalifoniya shi ya ƙera damisar da ke cikin fim ɗin Life of Pi da kwamfuta. A watan Fabrairu na 2013 ya karye, ya sallami ma'aikata fiye da 200, bayan 'yan kwanaki kaɗan kuma aka ba aikin nasa lambar Oscar, wadda ita ce mafi girma a wannan sana'a. Cikin 2023 marubuta da 'yan wasan Amurka suka yi yajin aiki na watanni, ɗaya daga cikin dalilansu kuwa shi ne tsoron kada ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta ta ƙwace musu abinci. A watan Fabrairu na 2025 kamfanin Technicolor, wanda ya haura shekara ɗari, ya rushe, dubban ma'aikata a Amurka da Ingila da Indiya suka rasa aiki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Gwaninta kaɗai ba ta tsare mai sana'a in cinikin da ya yi bai tsare shi ba.

Halin da yankinmu ke ciki

Arzikin kudancin Katsina noma ne. Auduga ta ja baya tun da masaƙun Kaduna suka rufe a farkon shekarun 2000, masara da dawa da waken soya da shinkafa suka maye gurbinta. Funtuwa na ɗaya daga cikin wurare uku da aka fara shirin raya aikin gona na Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, tare da Gusau da Gombe, cikin 2024 kuma aka buɗe tashar sauke kaya ta tudu a garin. Amma 'yan bindiga sun hana noma a gonaki da yawa na Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara, cikin 2025 kuma farashin hatsi ya faɗi alhali taki yana nan da tsadarsa. Saurayin da gona ta gagare shi, kasuwa ta gagare shi, in yana da waya da ɗan wayo sai ya ce fim zai shiga. Waɗansu za su dace, waɗansu kuwa macuta za su gamu da su.

Abin da mu ke roƙon iyayen ƙasa

Na ɗaya, a san masu sana'ar. Magatakarda su buɗe littafi su rubuta masu gidajen kallo, da masu tura fim a waya, da masu ɗaukar hoton biki, da masu tace hoto, da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na ko wace gunduma, da yawan yaran da ke ƙarƙashin ko wane. Ran da wani tallafi ko horo ya zo daga Gwamnati, wanda ke da lissafi a hannu shi a ke fara ji.

Na biyu, in masu fim suka zo ɗaukar hoto a ƙasarku, a nemi takardunsu na rajista, a ji labarin da za su yi, a sanar da Dagaci da jami'an tsaro. In an gamsu, a sauƙaƙa musu, kada ko wane mai unguwa ya ɗora musu nasa kuɗin. Ayarin masu fim baƙi ne masu ciniki: su kan kama ɗaki, su sayi abinci, su hau babur, su ɗauki 'yan gari aiki. In kuwa aka ga abin da ya saɓa wa addini da al'ada, a yi musu magana tun kafin su kafa na'ura.

Na uku, a gargaɗi iyaye game da masu yawo suna karɓar kuɗin yara, musamman 'yan mata, da sunan za su sa su a fim. Irin waɗannan sun fi yawa a lokacin matsi. Duk wanda ya ce a biya shi kafin ya ba da aiki, a tuhume shi, kuma kada a bar yarinya ta bi baƙo zuwa birni ba da sanin waliyyinta ba.

Na huɗu, a faɗa wa masu tura fim cewa kwafar aikin wani a sayar ba da izninsa ba cin haƙƙi ne a shari'a, laifi ne kuma a dokar haƙƙin mallaka wadda aka sabunta aka sa mata hannu cikin 2023. Manufa ita ce a jawo su su haɗa kai su riƙa sayen izni daga masu fim, domin su ma iyali gare su.

Na biyar, duk saurayin da zai yi aikin tace hoto ko ɗaukar hoto, a ba shi shawara ya rubuta yarjejeniya gaban shaidu, ya karɓi wani abu kafin ya fara, a kuma faɗi sau nawa zai gyara aiki kafin a ƙara masa lada. Magatakarda sun saba rubuta takardar cinikin gona, wannan ma irinta ce. A kuma ja hankalinsa kada ya dogara ga fim kaɗai. Hannun da ke tace fim shi ne ke yin tallan ɗan kasuwa, da hoton biki, da darasin makaranta, da karatun malamai. Mai son zurfafa ilmi kuwa akwai makarantar koyon aikin fim ta Hukumar Fim ta Ƙasa a Jos, hukumar da aka naɗa Ali Nuhu ya shugabance ta a watan Janairu na 2024.

Na shida, a tuna da Baban Larai. Gani ya kori ji. In ana son a koya wa manomi yadda zai gane takin jabu, ko yadda zai adana hatsi, ko amfanin rigakafin yara, ɗan gajeren fim da muryar mutanen gari ya fi takarda saurin shiga. Ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin manoma in za su yi irin wannan aiki, su fara duba samarin gida. An sami wayar da kai, an kuma sami aikin yi.

Ranku ya daɗe, ba Hakimi ke yanke farashin Dala ba, ba kuwa shi ke yanke na fetur ba. Amma zaman lafiyar da baƙo zai shigo ya yi aiki, da amanar da za ta sa mai ƙaramin ƙarfi ya karɓi ladansa cikakke, da tsare yara daga macuta, waɗannan a hannunku su ke tun kaka da kakanni. Muna roƙo a karanta wannan takarda a majalisar ko wane Hakimi, a kuma isar da abin da ke ciki ga Dagatai da masu unguwanni.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya taimaki Hakimansa, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Haza wassalamu.